Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Daraktan Ilimi na Yankinmu: A Mayar wa Yara da Darasin Waƙa

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan Allah Ya dafa maka a kan nauyin da ke wuyanka, na rubuto ne game da takardar da ofishinka ya aiko wa makarantu, wadda ta ce a cire darasin waƙa da haddar baitoci, wato mahfuzat, daga jadawalin mako, a raba lokacinsa tsakanin lissafi da Ingilishi har sai an cike giɓin da yaƙi ya bari. Ni malamin Larabci ne a ɗaya daga cikin ƙauyukan Hausawa da ke gaɓar kogin Nilu a Sudan, kuma ina wurin ranar da ka zo buɗe makarantu, ka faɗa a gaban iyaye da limamai cewa za a fara da gyaran zukatan yara kafin a tambaye su sakamakon jarrabawa. Iyaye sun yi maka kabbara a kan wannan magana, wasunsu ma saboda ita suka janye 'ya'yansu daga gona da kasuwa suka maido mana da su aji. Takardar nan ta warware wannan alkawari.

Ban jahilci matsin da kake ciki ba. Tun ranar 15 ga Afrilu 2023 da yaƙi ya ɓarke karatu ya tsaya cak a ƙasar nan, har UNICEF ta ce yara kimanin miliyan 19 ba sa zuwa makaranta. Azuzuwa sun zama masaukin 'yan gudun hijira daga Khartoum da Wad Madani da Sinja, jarrabawar shahada kuwa, wato ta kammala sakandare, sai a Disamba 2024 aka samu zama aka yi ta. Babu malamin da zai ce lissafi ba shi da muhimmanci. Amma yaron da ya dawo mana ba shi ne wanda ya tafi ba, kuma da ka zauna a aji da ka ga haka da idonka. A lokacin tara, yara ƙanana suna gitta sanda a hanya suna wasan shingen bincike, ɗaya ya tsare ɗan'uwansa ya ce ya fito da abin da ke aljihunsa. Waƙoƙin da ke bakinsu na yaƙi ne, daga wayoyin yayyensu suka kwashe su. Bakin yaro ba ya zama babu waƙa, idan makaranta ba ta sa masa ba, titi zai sa masa.

Bari in gaya maka abin da ake yi a cikin wannan darasi da aka ɗauka ɓata lokaci ne. Akwai wata waƙa da nake koyarwa a kan gaskiya da riƙon amana da haƙƙin maƙwabci. Nakan rubuta baiti biyu kacal a allo, in rera su da karin murya, yara su amsa, sai in fassara musu da Hausa domin yawancinsu da ita suka tashi a gida, sannan in tambaye su wa suka sani a gari mai irin wannan hali. A nan ne ake samun abin da ake nema. Wata yarinya da iyayenta suka gudo daga Sinja, wadda tun zuwanta ba ta ɗaga kai a aji, ranar da muka kai baitin amana ta miƙe ta ba da labarin maƙwabcinsu da ya riƙe musu awaki lokacin da suka gudu, ya kuma aiko musu da kuɗin wadda ya sayar ba tare da ya rage ko sisi ba. Ajin ya yi tsit. Daga ranar ta fara amsa tambaya, har a darasin lissafin da kake so a ƙara wa lokaci.

Wannan hanya ba mu muka ƙirƙiro ta ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da waƙa ta karantar da matan karkara, jajojinta, wato malamai mata na ƙungiyarta ta 'Yan Taru, suna haddace baitoci suna kai su ƙauye ƙauye. Kakanninmu da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar, sun zo da waƙoƙin wa'azi a ka da kuma a takardun ajami, da su suka yi tarbiyyar iyayenmu. Manhajar Sudan kanta ta daɗe da sanin darajar mahfuzat, kai ma na tabbata akwai baitocin da ka haddace a firamare waɗanda har yau ba su bar ka ba.

Ka tuna kuma da abin da ya faru a Damazin da Rusairis a Yuli 2022, inda maƙwabta da suka yi shekaru suna cin kasuwa ɗaya suka ɗauki makami a kan juna, aka yi asarar rayuka masu yawa, jama'armu na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Yaran da ke gabanmu yau su ne za su zauna da 'ya'yan waɗancan maƙwabta gobe. A wane darasi kake so su koyi haƙƙin maƙwabci, in an rufe wanda ake koyar da shi?

Don Allah, ranka ya daɗe, ka janye wannan sashe na takardar. Darasi ɗaya a mako muke roƙo, tare da izini a rubuce cewa malami na iya bayyana ma'anar baiti da harshen da yaro ke ji a gida, domin wasu shugabannin makarantu suna tsoron hakan. Akwai maganar alli da ba ya isa, da kujerun da aka ƙona aka yi girki lokacin hijira, da albashinmu da ke makara, amma waɗannan ka san su, za mu ci gaba da haƙuri a kansu. Idan kana shakka, ka turo mai duba makarantu ya zauna a bayan aji ya saurari darasin tun daga farko har ƙarshe, ka yanke hukunci a kan abin da ya kawo maka, kafin a buga jadawalin zango mai zuwa.

Wassalam,
Wani malamin makaranta daga gaɓar Nilu