Wasiƙa daga Nima kan sababbin shiga taron Python

Nima, Accra

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina sanar da kai cewa an sa ni cikin kwamitin shirya wani taro na masu rubuta manhaja da harshen Python, kuma ni aka ɗora wa nauyin kula da sababbin shiga.

Ka san tun da aka yi PyCon Africa na farko, wato babban taron masu Python na Afirka, a Jami'ar Ghana da ke Legon a watan Agustan 2019, matasanmu na Nima da Mamobi da Madina suka fara leƙa irin waɗannan tarurruka, sai dai da wuya su kai ƙarshe. A ganina lokacin cin abinci ne ake rasa su. Yaro zai ɗauki farantinsa na shinkafa da wake, ya jingina da bango yana latsa waya, alhali ƙwararru sun kewaye juna suna hira da kalmomin da bai taɓa ji ba. Kafin la'asar ya sulale ya hau tirotiro, motar hayarmu ta nan, washegari kuwa ko ƙeyarsa ba za a gani ba.

Saboda haka na kawo shawarar mu ɗauki ƙa'idar da wani mai rubuta manhaja, Eric Holscher, ya yaɗa, wato duk waɗanda suka tsaya hira su bar gurbin mutum ɗaya a tsakaninsu, in wani ya cike shi su sake buɗe wani. Ba ta cin ko sidi ɗaya, amma sai manya sun fara aiki da ita kafin ta kama.

Na kuma nemi a keɓe ranar jajibiri domin saka Python a kwamfutocin baƙi daga filas, tunda kuɗin data ba wasa ba ne, a zauna rukuni-rukuni kowanne da mai koyarwa, kamar yadda Django Girls, ƙungiyar da ke koya wa mata rubuta manhaja, ke yi tun 2014. Wurin salla da alwala an amince da shi nan take.

Inda muka yi saɓani shi ne gajerun jawabai na minti 5 da mahalarta ke yi a taron. Ina so a bar wa masu hawa mumbari karon farko rabinsu, kuma wanda Turanci ya sarƙe masa ya ƙarasa da Hausa ko Twi a fassara. Wasu sun ce darajar taron za ta ragu, ni kuwa ban yarda ba, domin mai kunyar Turancinsa ba ya ko ɗaga hannu ya yi tambaya.

Don Allah ka rubuto mini yadda kuka warware wannan batu a Kano kafin zamanmu na gaba. A gaishe mini da Hajiya da yara.

Naka amini.