Godiya ga ma'aikatan tashar jirgin ƙasa ta Rigasa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Na rubuto ne in yi godiya a bainar jama'a ga ma'aikatan Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya da ke tashar Rigasa, saboda karamcin da suka yi wa iyalina a hutun ƙaramar Sallah.

Mu da muka tashi a Kaduna, reluwe ce filin wasanmu. Garin ma da dogo ya girma, tun da layin ya kai Kano a 1911. Muna yara, babban goron Sallarmu shi ne Baba ya kai mu tsohuwar tashar da ke ƙetaren kogi, mu hau jirgin Zariya. Rigimar farko kullum a kan wanda zai zauna bakin taga ce. Idan jirgi ya hau gadar kogin Kaduna, ƙarar ƙarafa takan sauya, mu ƙanƙame juna muna leƙen ko za mu hango kada. A Rigachikun kuwa masu tallan rake da dafaffen ƙwai ke miƙo kaya ta taga, jirgi ya motsa ana ta kokawar canji. Ba ya sauri ko kaɗan, mu ma ba sauri muke ba.

Wannan daɗin na so 'ya'yana su ɗanɗana, shi ya sa muka yanki tikitin Abuja har da Hajiyarmu. Tana fama da ciwon gwiwa, matakalar tarago ta gagare ta. Wani matashin ma'aikaci ya ajiye abin da yake yi, ya ce, "Mama, riƙe kafaɗata." Bai bar ta ba sai da ya zaunar da ita, ya ɗora mata jaka a sama. Autana kuma ya dame shi da tambaya, ya tsaya ya nuna masa inda direba yake zama, bai ƙosa ba.

Ban manta da harin da 'yan bindiga suka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022 ba. Da aka dawo da zirga-zirga a Disamba, da yawanmu tsoro ya hana mu hawa, ku kuwa kuka koma bakin aikinku. Wannan ma abin a gode muku ne.

Roƙona ga hukuma shi ne a ƙarasa sabon layin Kaduna zuwa Kano, yaranmu su je Zariya a jirgi. Allah ya saka muku da alheri, ya tsare ku da fasinjojinku.

Naku,
Wani magidanci daga Tudun Wada, Kaduna