Sunayen makaɗan rok a wasan cike gurbin kalmomi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci kan wasan cike gurbin kalmomi na jaridun Turanci, musamman tambayoyin da suka shafi tsohon kiɗan rok na shekarun 1960 da 1970, domin na lura a kansu ne yawancin abokan aikina malamai ke ajiye fensir, su ce wasan ba namu ba ne.

Ba na ganin laifinsu. A Amurka aka ƙirƙiro wasan, inda Arthur Wynne ya fara buga shi a jaridar New York World a watan Disamba na 1913, kuma da yawa daga masu tsara shi a yau da wannan kiɗa suka tashi. Sai dai abin da shekaru suka koya mini shi ne, ba sai mutum ya taɓa sauraren faifai ko ɗaya ba kafin ya ci waɗannan tambayoyi, saboda mai tsara wasan haruffa yake nema, shaharar mawaƙi ba ta dame shi ba. Idan ya maƙale a wani lungu mai gida uku, wato gurbin haruffa uku, gajeren suna mai yawan wasula ne ke fitar da shi kunya.

Shi ya sa sunaye uku ba sa ɓacewa. Akwai ELO, taƙaitaccen sunan ƙungiyar Electric Light Orchestra da aka kafa a Birmingham ta Ingila a 1970, wadda Jeff Lynne ya jagoranta. Da ENO, wato Brian Eno da ya bar ƙungiyar Roxy Music a 1973. Sai ONO, Yoko Ono da ta auri John Lennon, mawaƙin ƙungiyar Beatles, a 1969. Wanda ya haddace su ya rage wa kansa wahala mai yawa. Ƙungiyar Led Zeppelin kuwa, duk da girman sunanta, ba kasafai ake cin karo da ita ba, don tsawonta ya yi yawa.

Inda wasan ya fi daɗi a wurina shi ne tambayar makaɗin ganga da sunansa ke cin gida biyar. Amsa tana iya zama STARR na Beatles, ko WATTS na Rolling Stones, ko PEART na Rush, ko BAKER na Cream, wato Ginger Baker ɗin nan da ya zauna a Legas a farkon shekarun 1970 har ya yi kiɗa tare da Fela. Ga kuma tarko: RINGO da STARR mutum ɗaya ne, kuma kowane suna haruffa biyar ne. Ƙa'idar ita ce a dubi yadda aka ambaci abokin kiɗansa, kamar Paul McCartney, a tambayar, domin sunan farko da sunan farko yake tafiya, na ƙarshe kuma da na ƙarshe. Idan an ce Paul, amsa RINGO ce, idan kuma McCartney aka ce, to STARR ake so. Da ban san wannan ba, na sha goge takarda har ta huje. In shakka ta rage, gara a bar gurbin a cike kalmomin da suka gitta shi daga sama zuwa ƙasa, harafi ɗaya ya isa ya raba gardama.

Haka nan ba a rubuta ɗigo ko wata alama a cikin gidajen, don haka AC/DC gida huɗu take ci, R.E.M. kuma uku. Sannan sunayen ƙungiyoyi irin su Queen da Police da Yes da Cream kalmomin Turanci ne na yau da kullum, masu tsarawa kan sa su a farkon jimla da gangan, inda babban harafi ba zai tona asirin cewa ƙungiya ake nufi ba.

Roƙona gare ka, ranka ya daɗe, shi ne ka ware wani ɗan gefe a shafin ƙarshen mako inda za a riƙa kawo irin waɗannan tambayoyi biyu ko uku tare da bayanin amsoshinsu da Hausa. A shirye nake in aiko da na makon farko idan ka amince.

Naka mai karatu,
wani malamin makaranta daga Zariya.