Takardar Koke Kan Buɗe Hanyar Ziyara Tsakanin Ɓangarorin da Rikici Ya Raba

Zuwa ga Mai Martaba Sarki,

Allah ya ja zamanin Sarki. Mu direbobin haya, masu masaukin baƙi da masu yi wa baƙi jagora daga ɓangarorin biyu, muna roƙon fada ta tsaya mana a dawo da ziyara da yawon buɗe ido tsakaninmu. An sa hannu kan sulhu, amma har yau direba kan sauke fasinja a bakin iyaka ya juya.

Ranka ya daɗe, haɗa mutane a mota ɗaya ba ya kawo sulhu shi kaɗai. Tun 1954 masanin halayyar ɗan Adam Gordon Allport ya nuna cewa cuɗanya tana rage ƙiyayya ne idan matsayi ya zo ɗaya, akwai buri guda da ake haɗa hannu a kai, kuma hukuma ta goyi baya. Sharaɗin ƙarshen nan shi ya kawo mu fada.

Muna roƙon a naɗa kwamitin mutum 8, huɗu daga kowane ɓangare, da mata da matasa a ciki, wakilin Sarki ya shugabanta. Wata ukun farko a tsaya kan hanya ɗaya, ayari kada ya wuce mutum 15, a fita da hantsi a dawo kafin rana ta faɗi. Sunayen matafiya da lambar mota su isa hannun jami'an tsaro da masu unguwanni kwana ɗaya kafin tafiya. Da irin wannan tsari Indiya da Pakistan suka buɗe mashigar Kartarpur a Nuwamban 2019: masu ziyarar ibada su yi rajista tun da wuri, su shiga babu biza, su koma gida a ranar.

Batun jagora ya fi komai wuya. Jagora ɗaya labarin ɓangarensa zai bayar, ko da bai yi niyya ba, kuma kafin yamma maganar ta isa ɗaya ɓangaren. Don haka kowane ayari ya tafi da jagora biyu, ladansu ɗaya, lokacin maganarsu ɗaya. A birnin Belfast na Ireland ta Arewa, tsofaffin fursunonin rikici daga ɓangarorin biyu kan zagaya da baƙi: ɗaya ya yi bayani a titin Falls na ɓangarensa, ya miƙa su ga na titin Shankill na ɗaya ɓangaren. Ba a tilasta musu labari guda ba. Mu ma ba mu nemi haka ba, iyaka dai a hana zagi, da kiran sunan wanda ake zargi da kisa, da ɗaukar hoton kabari ko ƙonannen gida ba da izinin masu shi ba.

Sai kuɗi. Idan baƙi suka kwana suka yi sayayya a ɓangare ɗaya, ɗayan kuma aka mai da shi abin kallo, an buɗe sabuwar gaba. A riƙa juya wurin yada zango mako-mako. Kuɗin shiga ya tafi asusu mai sa hannun mutum biyu, a liƙa lissafi a ƙofar fada kowane wata. Ruwanda tana ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin gandun namun dajinta ga al'ummomin da ke kewaye, muna ganin kada namu kason ya gaza haka.

A kuma rubuta abin da za a yi ranar da tsautsayi ya auku. Ziyarar Dutsen Kumgang da aka fara a 1998 ta kai 'yan Koriya ta Kudu kusan miliyan biyu Koriya ta Arewa, amma da sojan Koriya ta Arewa ya harbe wata mata mai ziyara a Yulin 2008, ɓangarorin suka kasa daidaitawa kan bincike, shirin ya tsaya ke nan. Roƙonmu shi ne kwamiti ya zauna cikin awa 6, ya fitar da sanarwa guda kafin jita-jitar WhatsApp ta riga shi, a yi binciken tare, idan kuma an dakatar da ziyara a yanka wa dakatarwar ranar ƙarewa.

Muna neman Mai Martaba ya ba mu ranar da za mu gabatar da taswirar hanya da sunayen jagorori, ya kuma turo wakilinsa cikin ayarin farko.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya.

Masu koke,
Direbobi, masu masauki da jagororin baƙi na ɓangarorin biyu