Kwamfuta lamba ta sani, ba suna ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Malam Edita don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan wani aiki da ba kasafai ake yabon masu yinsa ba, wato gyaran yadda nau'o'in Linux (manhajar da ke tafiyar da kwamfuta) irin su Fedora Silverblue ke riƙe akawun ɗin masu amfani.

Su waɗannan ba sa yin abdet guntu-guntu kamar Linux ɗin da muka saba, dunƙule guda ake sauko da sistem ɗin ta wata manhaja OSTree, fodar /usr inda manhajojin sistem suke a kulle take ba mai rubutu a ciki, in sabon ya kawo rigima sai ka sake kunnawa ka koma na jiya, shikenan. To amma akawun fa? Naka na ɗan Adam yana cikin fayil ɗin /etc/passwd, na sistem da suka zo cikin dunƙulen suna /usr/lib/passwd, wani ɗan abu wai shi nss-altfiles ne ke haɗa su. Shi ya sa mutum zai so saka kansa a gurup ɗin libvirt (na masu kunna wata kwamfuta a cikin kwamfuta) da umarnin usermod abu ya ƙi, don gurup ɗin ba ya cikin /etc/group, sai ya kwafo layin gurup ɗin daga /usr/lib/group da hannu tukuna. Sabon shiga ina zai san wannan fisabilillahi?

Amma wanda ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne maganar lamba, wato lambar da kwamfuta ke gane kowane akawun da ita. Mutane daga 1000 suke farawa, akawun ɗin sabis (manhajojin da ke aiki a bayan fage) ƙasa da haka, to in aka sake gina dunƙulen lambar wani sabis ta sauya, fayilolinsa da ke /var, inda abdet ba ya taɓawa, suna nan da tsohuwar lamba, sai ka ga sabis ya ƙi tashi ko ma wani daban ya gaji lambar ya zama shi ne mai kayan, kamar a sauya lambobin shaguna cikin dare ka wayi gari makullinka na buɗe shagon maƙwabci.

Maganin da ake bi shi ne ko a kafe wa kowane sabis lambarsa tun wajen gini, ko a bar wani ɗan abu wai shi systemd-sysusers ya ƙirƙiri akawun a kan ita kwamfutar lokacin da take tashi. Ni na fi son na biyun gaskiya, sai dai tsofaffin kwamfutoci masu tsoffin lambobi dole a bi da su a hankali. Don Allah ku yi mana rubutu mai tsawo a kai a shafinku na fasaha.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya