Sha-ka-fashe: Kada a daina shi kwatsam, a je asibiti

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mai farin jini, mu ja hankalin 'yan'uwa, musamman mata da 'yanmata a Bauchi da kewaye, game da ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe. An sha yin magana kan illarsu, amma ba a cika faɗin cewa yanke shansu kwatsam na iya kisa ba.

Da yawa daga cikin ƙwayoyin nan deksametason ne ko firednisolon, wato magungunan da ke kwaikwayon sinadarin kotisol. Jiki da kansa yake yin kotisol, a wasu 'yan tsokoki biyu da ke zaune a saman ƙoda, waɗanda likitoci ke kira adirenal, kowannensu bai wuce giram 5 ba. Kotisol ne ke riƙe ƙarfin jini da sukari idan zazzaɓi ko rauni ko haihuwa suka matsa wa mutum. Umarnin yinsa kuwa daga fituwitari yake zuwa, wata 'yar tsoka a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Da zarar fituwitari ya ji maganin ya cika jini, sai ya daina aika umarni, adirenal su kwanta barci. Mako uku zuwa huɗu na sha kullum ya isa a kai ga haka. Kuma deksametason ya ninka kotisol ƙarfi kusan sau 25, don haka 'yar ƙwaya mai miligiram 0.5 ba ƙaramar aba ba ce.

Ƙibar da ake murna da ita ba ta lafiya ba ce. Fuska ta kumbura, tozo ya fito a ƙeya, tumbi ya yi gaba, hannuwa da ƙafafu su sirance saboda tsoka tana narkewa. Nankarwa mai faɗi ta fito a ciki da cinya, al'ada ta rikice, ga hawan jini, ga ciwon suga, ƙashi ya yi laushi, tarin fuka da ya kwanta ya farka. Mayukan bilicin masu sinadarin kulobetasol ma suna ratsa fata su yi wannan ɓarna idan an daɗe ana shafa su a jiki duka.

To, ranar da mace ta tsorata ta watsar da maganin, ko kuɗi suka yanke, adirenal ba su farka ba tukuna. Sai kasala mai tsanani, amai, ciwon ciki, jiri, jini ya faɗi, sukari ya sauka, hankali ya gushe. Sau da yawa maleriya ko taifod ake zata.

A nan muke kira ga 'yan'uwanmu ma'aikatan jinya. Duk wadda aka kawo da jini a ƙasa da fuska a kumbure, a tambaye ta a keɓe, cikin mutunci, abin da take sha da abin da take shafawa, domin ba za ta faɗa a gaban miji ko suruka ba. A auna ƙarfin jini tana kwance, a sake aunawa bayan ta miƙe. Idan lambar sama ta sauka da 20, alama ce. A duba sukari nan take. Idan ana zargin adirenal sun gaza, a kira likita, kada a jira sakamakon gwaji: babban mutum ana yi masa allurar haidirokotison, wato kotisol na magani, miligiram 100 ta jijiya ko tsoka, a ɗaura ruwan gishiri lita 1 cikin awa ta farko, a ci gaba da miligiram 50 duk awa 6, a ƙara gulukos idan sukari ya yi ƙasa. A riƙa rubuta yawan fitsari. A tuna sha-ka-fashe yana ɓoye zazzaɓi, don haka jiki ba zafi ba ya nufin babu cuta. Fatarsu kuma ta yi siriri, filasta mai ƙarfi na iya ɗaye ta.

Mai sha yanzu ta ɗauki kwalin ta nufi asibiti, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ko babban asibitin da ya fi kusa. Likita zai riƙa rage shi kaɗan-kaɗan, a sha da safe bayan an karya, kuma farkawar adirenal kan ɗauki watanni, wani lokaci har shekara. A tsawon wannan lokaci, duk zazzaɓi ko tiyata, ko da cire haƙori ne, sai an sanar da likita, domin ana ƙara maganin ne a irin waɗannan ranaku. Idan amai ya hana shi zama a ciki, a koma asibiti a ranar.

Muna kuma roƙon hukumar NAFDAC da masu kemis su tsaya tsayin daka, kada a sayar da waɗannan ƙwayoyi sai da takardar likita.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan jinya,
Bauchi.