Yaron da ke rike da kwallo da littafin lissafi, wa zai rike masa hannu?

Assalamu alaikum Edita, ina fatan kana lafiya kai da sauran ma'aikatanka. Don Allah a ba ni dan fili in yi magana kan wani abu da ya dade yana damuna, wato yaran talakawa da ke samun gurbin karatu a jami'o'in Amurka ta dalilin wasa, musamman wadanda suke son karanta kimiyya ko injiniyanci ko kwamfuta. Da zarar an ji wane ya samu sikolashif din wasanni sai kowa ya ce shi kenan kakarsa ta yanke saka, ni kuma gaskiya ina ganin a ranar ne ma wahalar take somawa.

Hukumar NCAA da ke kula da wasannin jami'o'i a can ita da bakinta take cewa kusan kashi 2 cikin 100 ne kacal na 'yan wasan sakandare suke samun tallafin karatu na wasa, kuma cikin wadanda suka shiga jami'ar ma wadanda ke zama kwararrun 'yan wasa ba su kai kashi 2 ba. To ka ga kusan dukkansu takardar digirin ce za ta ciyar da su, kwallo kam tsani ce kawai. Amma je ka duba wanda aka fi kula da shi tsakanin biyun.

A doka an ce kada dan wasa ya wuce awa 20 a sati wajen harkar wasa, sai dai lissafin nasu akwai wayo a ciki, ranar gasa awa 3 ake rubutawa ko da kuwa yaro ya wuni, tafiye-tafiye a mota ko jirgi ba a kirgawa, zaman da ake yi wajen masu duba rauni shi ma ba ya ciki, shi ya sa binciken da hukumar ta yi da kanta ya nuna 'yan kwallon nan ta Amurka mai hular kwano a manyan jami'o'i suna cinye wajen awa 40 a sati lokacin kakar wasa. Yanzu ka dauki yaron da ke karatun hada sinadarai, dakin gwaje-gwaje da rana ake shiga a yi awa uku ko hudu a tsaye, atisaye ma da rana ake yi, kuma darussan kimiyya a jere suke kamar matakala, in ka tsallake na wannan zangon ba za a bar ka ka dauki na gaba ba. Ba a gudu ana susar takashi. Me zai faru? Sai mai ba shi shawara ya ce masa ka dai nemi kwas mai sauki wanda ba zai ci karo da tirenin ba, yaro kuwa ya san koci ne ke rike da abincinsa, sai ya ce to.

Wannan ba zato nake yi ba. A 2014 Kain Colter, dan wasan jami'ar Northwestern, ya ba da shaida a gaban hukumar kwadago ta kasar cewa burinsa ya zama likita, amma jadawalin kwallo ya hana shi daukar darussan da ake bukata, karshe ya koma karatun halayyar dan Adam. A shekarar dai aka fitar da rahoton jami'ar North Carolina inda aka gano dalibai sama da 3,000 sun yi wasu kwasa-kwasan bogi tsawon shekara 18, ba lakca ba malami sai dai a rubuta takarda daya a ba da maki, kuma kusan rabinsu 'yan wasa ne. An rike su a fili, an sallame su da kai fanko.

Na san wani zai ce ai ga John Urschel nan, ya yi lissafi a jami'ar Penn State, ya buga wa kungiyar kwararrun 'yan kwallon Amurka ta Baltimore Ravens, ya ajiye kwallo a 2017 yana dan shekara 26, ya gama digirin digirgir a jami'ar MIT a 2021. Ga Leland Melvin da ya karanta ilimin sinadarai a jami'ar Richmond, kungiyar kwallon Detroit Lions suka dauke shi a 1986, rauni a cinya ya raba shi da wasa, daga baya ya tafi sararin samaniya har sau biyu a 2008 da 2009. Haka ne, babu musu, sun yi abin a yaba. Amma mahaifin Urschel likitan tiyata ne, iyayen Melvin kuma dukansu malaman makaranta ne, wato tun daga gida suna da wanda zai ce musu kul, kar ka saki karatun nan. Yaron da shi ne na farko a zuri'arsu da ya taka jami'a, wanda sakandaren unguwarsu ko lissafi mai zurfi ba a koyarwa, wa zai tambaya? Uwarsa addu'a za ta yi masa, Allah Ya saka mata, amma ba ta san yadda ake zuwa ofishin farfesa a roki a canza lokacin gwaji ba.

Shi ya sa nake cewa masu ba da tallafi, kamfanoni ne ko gidauniyoyi ko tsofaffin 'yan wasan da Allah Ya buda musu, in kudi kawai suka mika suka juya baya to rabin aiki suka yi. Akwai abin koyi a shirin Meyerhoff na jami'ar UMBC a jihar Maryland wanda aka kafa a 1988 lokacin Freeman Hrabowski yana cikin jagororin makarantar. Shi ba na 'yan wasa ba ne, amma tsarin ne abin dubawa: kafin a fara zango sai an tara daliban a yi musu horon share fage na sati shida, a hada su rukuni-rukuni suna karatu tare, kowa da babban da ke bibiyarsa, a kuma nema musu wajen koyon bincike lokacin hutu. Kizzmekia Corbett da ta yi aiki kan rigakafin korona na kamfanin Moderna daga nan ta fito. In an yi wa dan wasa irin wannan, a hada shi da injiniya ko likitan da shi ma ya taba yin wasa, wanda zai iya daga waya ya kira koci su yi magana ido da ido, wallahi da yawa ba za su gudu daga kimiyya ba.

Wani abin kuma shi ne kudin kada a daura shi a kafar yaro. Daga 1973 har zuwa 2012 tallafin wasa na shekara daya-daya ne kawai aka yarda a bayar, a sabunta ko a ki, kuma har yanzu ba kowace makaranta ce ke ba da na shekara hudu ba. Gwiwa ta goce, ko an kawo sabon koci da bai ga damarka ba, karatu ya shiga rudu. Tallafin kimiyya ya kamata ya tsaya da kafarsa, makin yaro za a duba, ko yana buga wasa ko yana zaune a benci, har ma a kara masa zango daya ko biyu tunda injiniyanci da wasa da kyar suke karewa a shekara hudu. Tun 2021 an bar 'yan wasa su samu kudi da sunansu da hotonsu, to madalla, amma taurari 'yan kalilan ne ke kwasar mai tsoka, yarinyar da ke tseren mita 800 tana karatun kwamfuta ba ta ita ake yi ba.

Rokona gare ka Edita, duk lokacin da za ku buga labarin wani yaro ya samu gurbi ta hanyar wasa, wakilinku ya daure ya tambaya me zai karanta, tallafin na shekara nawa ne, in ya ji rauni fa, sannan bayan shekara biyu a sake nemo shi mu ji ko yana nan kan kwas din da ya tafi da niyyarsa.

Na gode, a huta lafiya.
Daga wani mai bibiyar jaridarku.